Aji Guda, Yara Ɗari: Waiwaye Kan Shirin UPE Na 1976

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a makarantar gwamnati a cikin manyan garuruwanmu ya san yadda makon farko na sabuwar shekarar karatu yake kasancewa. Tun da sanyin safiya iyaye sun yi dafifi a ƙofar ofishin shugaban makaranta, wannan riƙe da 'yar takarda daga wani babba, wancan jaye da marayan da aka bar masa amana, kowa yana roƙon a dubi Allah a cusa masa yaro ɗaya tak. Shi kuwa shugaba ba ya iya cewa a'a, domin ya san muddin ya mayar da yaron nan gida, to, talla ko tasha ya mayar da shi. Da ɗaya-ɗayan nan ne, kafin a shiga mako na uku, ajin da aka gina domin yara 40 zai tashi da sunaye fiye da 100 a rajista. Bencin mutum uku ya ɗauki shida, saura su shimfiɗa buhu a ƙasa, dogaye su ɗare taga, malam kuma ya manne da allo, don babu hanyar da zai bi ya kai ga na baya.

A makarantar da muke koyarwa, wadda ba sai mun ambaci sunanta ba tunda ba ta fi saura laifi ba, mun taɓa zama a ɗakin malamai muka yi wani ɗan lissafi. Malamin Hausa yana da azuzuwa huɗu, kowanne da yara kimanin 120. In ya ba su insha'i guda, ya tara littattafai 480 ke nan. In ya ba kowane littafi minti biyar kacal, ya karanta, ya gyara ƙa'idar rubutu, ya sa maki, sai ya shafe sa'o'i 40 bai ɗaga kai ba, wato aikin mako guda cur, ban da shiga aji. To, wa zai iya? Abin da ke faruwa shi ne a daina ba da insha'in, a koma ga cike gurbi da zaɓen amsa, waɗanda yara za su iya musayar littattafai su duba wa junansu. Ta haka yaro zai gama sakandare bai taɓa rubuta shafi guda daga kansa ba, balle wani ya karanta ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce. Wannan kaɗai ya isa ya sa maganar cunkoso ta shafi duk mai sha'awar rubutu.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki cunkoson nan kamar hazon hunturu, abin da ke zuwa ba da shawarar kowa ba. Mu kuwa a namu ganin, babu wani abu a harkar mulki da ke ba da dogon notis kamar yaron aji ɗaya. Shekara shida cur yake yi a duniya kafin ya iso ƙofar makaranta, an raɗa masa suna, an yanka rago, unguwa duk ta shaida. In har ya iso bai tarar da wurin zama ba, ba shi ne ya yi sammako ba, mu ne muka makara. Tarihin wannan makara tamu ce muke son mu ɗan bibiya, musamman abin da ya faru a shekarar 1976.

Abin da zai ba matasanmu mamaki shi ne, a nan Arewa matsalar farko ba cunkoso ba ce, rashin yaran ne. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ƙasar nan cike take da makarantun allo, har Gwamna Lugga ya ƙiyasta su da kimanin 25,000, masu almajirai sama da 200,000. Boko kuwa abin gudu ne. Shekara da shekaru En'e tana yanka wa kowane hakimi adadin yaran da zai kawo elemantare, shi kuma ya raba wa dagatai, su kuma su bi gida-gida. Iyaye suna ɓoye 'ya'yansu, wasu su tura su gabas karatu, wasu su ba da toshiya don a tsallake gidansu, sau da yawa sai a ƙare a kan ɗan talakan da ba shi da mai tsaya masa. Ga shi kuma Turawa sun taƙaita wa 'yan mishan buɗe makarantu a ƙasashen sarakunan Musulmi, alhali a Kudu su ne suka gina mafi yawan makarantun. Sakamakon haka, a shekarar samun 'yancin kai, 1960, 'yan firamare a Yankin Arewa gaba ɗaya ba su kai 300,000 ba, a yayin da Yankin Gabas da Yankin Yamma kowannensu yake da fiye da miliyan guda.

Gwamnatin Sardauna ta zaɓi tafiyar hawainiya, ta ce a fara samar da malami tukuna kafin a tara yara. Hukumar Ashby, wadda ta miƙa rahotonta a 1960, burin da ta sa wa Arewa shi ne a kai kashi 25 cikin 100 na yaran da suka isa shiga makaranta kafin 1970. A zamanin da Alhaji Isa Kaita yake Ministan Ilimi aka gayyato wani Bature mai suna Oldman ya duba tsarin firamare, kuma bisa shawararsa aka yi dokar ilimi ta 1962 wadda ta kafa hukumomin ilimi na yankuna, wato LEA, sunan da har yanzu wasu makarantunmu ke amsawa. Ana iya zargin wannan gwamnati da jan ƙafa, kuma zargin yana da tushe, domin ratar da ke tsakaninmu da Kudu ba ta ragu ba. Amma dai a wancan lokaci yaron da ya shiga aji yana da wurin zama, yana da littafi, kuma malaminsa ya san sunansa.

Kudu kuwa ta riga ta ɗanɗana abin da ke jiranmu. A 1952 Ministan Ilimi na Yankin Yamma, S. O. Awokoya, ya gabatar wa majalisa shirin gwamnatin Awolowo na ba da ilimin firamare kyauta. Ba su yi garaje ba, sun ɗauki kusan shekara uku suna gina azuzuwa da horar da malamai, har suka rage shekarun firamare daga takwas zuwa shida don sauƙaƙa nauyi. Duk da haka, da aka buɗe ƙofa a watan Janairu na 1955, sai lissafi ya ƙwace. 'Yan firamaren yankin suka tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa kimanin 811,000 cikin shekara guda. Masu tsarin sun yi lissafin 'yan shekara shida ne, iyaye kuwa suka kawo da 'yan biyar da 'yan tara, domin wa ya san ko baɗi za a ci gaba da kyautar? Da Hukumar Banjo ta binciki shirin a 1961, cikin abubuwan da ta ce sun jawo faɗuwar darajar karatu har da yawan malaman da ba su da horo, da cikar azuzuwa fiye da kima, da ciyar da yara gaba ko sun iya ko ba su iya ba.

Yankin Gabas ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Gwamnatin Azikiwe ta fara nata shirin a 1957 ba tare da wani dogon tanadi ba, kuma shekara guda kacal aljihunta ya gaza. A 1958 aka mayar da kuɗin makaranta a yawancin azuzuwa, aka sallami malamai, aka rufe makarantu, mata suka fito zanga-zanga a garuruwa da dama. Ashe ke nan kafin 1976 Nijeriya ta riga ta karanta darasi biyu a cikin gidanta: na Yamma ya nuna yaran da za su zo sun fi waɗanda aka ƙirga, na Gabas ya nuna kuɗin da za a ci gaba da kashewa sun fi waɗanda aka tanada. Duka biyun a rubuce suke cikin rahotannin gwamnati. Hausawa na cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma mu bai ishe mu ba.

Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, sai tunanin haɗa kan ƙasa ya mamaye zukatan shugabanni, kuma kowa ya yarda ratar ilimi tsakanin Kudu da Arewa tana cikin abubuwan da ke rura wutar rashin yarda da juna. Ana cikin haka farashin man fetur ya ninka har sau huɗu tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974, baitulmali ya cika ya batse. A watan Janairu na 1974, a birnin Sakkwato, Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar cewa gwamnatin tarayya za ta ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, shirin da aka fi sani da UPE. Daga bisani aka tsayar da watan Satumba na 1976 a matsayin lokacin farawa, da niyyar a mayar da shi tilas a 1979. Niyya kam kyakkyawa ce, babu mai musu. Sai dai an sa ranar biki ne kafin a san yawan 'yan gayya.

A nan ne babbar matsalar take, kuma ya kamata mu ɗan tsaya a kanta. Da me za a ƙirga yaran? An yi ƙidaya a 1962 aka soke ta saboda rigima. Aka sake a 1963 aka sami mutum miliyan 55 da 'yan kai, wadda ita ma ba kowa ya yarda da ita ba. Aka yi wata a 1973 wadda ta ba da kusan miliyan 80, ƙura ta tashi, har Janar Murtala Muhammed ya soke ta bayan ya karɓi mulki a 1975. Rajistar haihuwa kuwa, in ka ɗebe 'yan asibitocin birane, babu ita. Saboda haka jami'an da aka ɗora wa tsara shirin ba su da abin dogaro sai alƙaluman 1963, su ɗauka su yi ta ƙara musu wani kaso na hasashe shekara bayan shekara, har su iso 1976, sannan su ce kaza daga ciki ne 'yan shekara shida. Da wannan lissafin dokin rano aka fitar da cewa yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya.

Bisa wannan adadi aka yi sauran tanadi. A cikin shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, an ware naira miliyan 300 domin gine-ginen firamare, da miliyan 200 domin horar da malamai. 'Yan kwangila suka bazama ƙauyuka, wasu suka yi aikin kirki wanda har gobe yana tsaye, wasu suka kafa harsashi suka karɓi kuɗi suka yi ɓatan dabo. Kada mai karatu ya manta, a daidai wannan lokaci ne, cikin 1975, ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas wata da watanni, sakamakon odar da ta fi ƙarfin tashar nesa ba kusa ba, kayan gini suka yi tsada a ƙasar da siminti ke daskarewa a kan teku.

Amma gini mai sauƙi ne a kan malami. Aji ana iya tayar da shi cikin wata uku. Malami mai takardar shaidar koyarwa mai daraja ta biyu kuwa, in daga firamare aka ɗauko shi, shekara biyar yake yi a kwalejin horon malamai, alhali tsakanin sanarwar Sakkwato da ranar farawa ko shekara uku ba a cika ba. Sai aka shiga horon gaggawa: wanda ya ci jarrabawar gama sakandare ya yi shekara ɗaya, wanda bai ci ba ya yi biyu, aka buɗe sababbin kwalejoji barkatai, wasu a gine-ginen aro. A Arewa, inda masu takardar sakandaren ma ƙalilan ne kuma ma'aikatu da bankuna na rububinsu, wannan dabara ba ta iya cike gurbin ba.

Kafin ranar ta zo an hamɓarar da Gowon a watan Yuli na 1975, an kashe Murtala a watan Fabrairu na 1976, an kuma mayar da jihohi 12 zuwa 19, wato wasu ma'aikatun ilimin da za su gudanar da shirin ba su fi wata bakwai da haihuwa ba. Janar Olusegun Obasanjo ne ya ƙaddamar da shi ranar 6 ga Satumba, 1976, a wata makarantar firamare a Legas, Kanar Ahmadu Ali yana Kwamishinan Ilimi na tarayya. Aka buɗe rajista, maimakon miliyan 2.3 sai ga yara kimanin miliyan 3. Wato wajen yara 700,000 ne suka zo babu aji, babu benci, babu malami da sunansu. In aka raba su arba'in-arba'in, azuzuwa 17,500 ke nan da ba a gina ba, da malamai 17,500 da ba a horar ba, tun a ranar farko.

Daga ina suka fito? Daga inda na Awolowo suka fito shekara 21 kafin nan. Yaro ba shi da takardar haihuwa, uba ya ce shekararsa shida, wa zai ƙaryata shi? Dabarar da hedimastoci suka dogara da ita ita ce wadda dattawanmu ke ba mu labari suna dariya: a ce yaro ya ɗora hannunsa ta bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren, in ya taɓo ya isa shiga, in bai taɓo ba ya dawo baɗi. To, wannan awo yana iya tace ɗan shekara huɗu, amma ba ya tace ɗan shekara goma, wanda shi ma bai taɓa samun dama ba sai yanzu. A tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, yawan 'yan firamare ninkawa ya yi cikin shekara guda. Aka yi aji a gindin bishiya, aka yi a zaurukan dagatai, aka yi a rumfunan zana, a birane kuma aka raba yini biyu, 'yan safe da 'yan yamma. A faɗin ƙasa adadin ya tashi daga kimanin miliyan 6 a 1975 zuwa fiye da miliyan 8 a shekarar farko, kafin 1983 kuma ya haura miliyan 14. Wani abin lura shi ne ba ko'ina aka cika ba. A wasu ƙauyukan Arewa an gina azuzuwan amma iyaye suka ƙi ba da 'ya'yansu, musamman mata, ko kuma a rubuta yaro a rajista da rani, damina na faɗuwa ya koma gona. Ga aji babu yara a wani wuri, ga yara babu aji a wani wurin, domin adadin ƙasa baki ɗaya aka yi wa tanadi, ba a san na kowace gunduma ba.

Da malamai suka yi ƙaranci sai aka ɗebi duk wanda ya samu. Wanda ya gama firamare bara, bana ya zama malamin wucin gadi. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin irin waɗannan su riƙa karatu daga nesa suna kan aiki, su sami takardar shaida. An daɗe ana yi wa “malaman UPE” ba'a, amma mu ba za mu shiga sahun masu yi ba, domin a hannunsu muka koyi a, ba, ca, da. Cikinsu akwai waɗanda suka yi ta ƙaro ilimi har suka zama abin alfahari, akwai kuma waɗanda har suka yi ritaya ba su iya abin da suke koyarwa ba. Laifin ba nasu ba ne, an miƙa musu alli ne a lokacin da su ma benci ya kamace su.

Kada kuma a ɗauka muna cewa shirin bai tsinana komai ba. Miliyoyin 'ya'yan talakawa sun iya karatu da rubutun boko ta dalilinsa, waɗanda da ba domin shi ba ko ƙofar aji ba za su gani ba. Manazarta adabinmu sun sha nuna cewa yaran da suka shiga aji ɗaya a 1976 su ne samari da 'yan matan da suka zama masu saye da karanta littattafan hikayoyin Hausa da suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980, wasunsu ma su ne marubutan. Kuɗin da aka kashe bai faɗi ƙasa banza ba.

Darasin Gabas ne ya biyo baya. Gini sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, albashi kuwa duk wata ne, kuma kowace shekara sai an ƙara sabon aji da sabon malami har ayarin farko ya kai aji shida. Gwamnatin tarayya da ta ɗauki alkawarin biyan komai ta fara ja da baya tun kafin sojoji su sauka, ba a kuma mayar da shirin tilas a 1979 ba. Tsarin mulkin 1979 ya jingina firamare ga jihohi da ƙananan hukumomi. Kasuwar mai ta karye daga 1981, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, malamai a jihohi da dama suka riƙa yin watanni babu albashi, kuma zuwa 1984 jihohi da yawa sun dawo da kuɗin makaranta ko haraji da sunan ilimi. Daga nan firamare ta zama 'yar riƙo, kowa na tura wa wani. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, malamai suka ɗan sarara. A 1991 ita dai wannan gwamnati ta rushe hukumar ta miƙa komai ga ƙananan hukumomi. A 1993 aka sake dawo da ita. Mu da muke 'yan firamare a tsakanin waɗannan shekaru muna iya tuna yajin aikin da ba ya ƙarewa, da rufin kwanon da iska ta yaye aka shekara ba a mayar ba, sai a kwashe 'yan ajin a gwama su da na kusa. Yawancin cunkoson da muka tashi a ciki ba daga sababbin yara ya zo ba, daga azuzuwan da suka mutu ne ba a tayar ba. Wanda bai tabbata makarantar za ta kasance a hannunsa baɗi ba, yaya za a yi ya yi mata tanadin shekara shida?

Mu malaman sakandare namu rabon ya iso ne a 1982, lokacin da ayarin farko ya gama aji shida. Wannan kam babu wanda zai ce ba a san da zuwansa ba, domin tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tsara sabon tsarin 6-3-3-4 wanda aka shirya farawa a daidai wannan shekara. Amma ya zo ya tarar da aljihu a bushe. Makarantun kwana irin na da ba za su iya ɗaukar ko kusa da adadin ba, sai aka koma buɗe na jeka-ka-dawo, da yawansu a cikin harabar firamare, ana karɓa-karɓar azuzuwa. Injinan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen Turai ta Gabas domin ƙananan sakandare, da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don babu ɗakin da za a girka su, babu wuta, babu mai koyarwa.

A wannan zamani mutum guda ya yi abin da ya cancanci a ambata. Alhaji Lateef Jakande, Gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, ya tarar da makarantun da ake karatu kashi uku a yini, safe da rana da yamma. Ya ce zai soke wannan, ya kuwa soke, ta hanyar gina dubban azuzuwa masu arha cikin gaggawa. Abokan hamayya suka yi ta yi musu dariya suna kiransu akurkin kaji. Ba kyau gare su ba kam, kuma zafi gare su. Sai dai shi ya fara da tambayar yara nawa ne, azuzuwa nawa suke bukata, sannan ya yanka ginin daidai kuɗinsa, maimakon ya gina 'yan ƙalilan masu ƙawa na nuna wa baƙi.

Shi tsarin nan da muke ta magana ba wani sihiri ba ne. A ce a wata mazaɓa ana haihuwar yara 400 a shekara. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya san nan da shekara shida yana bukatar azuzuwan aji ɗaya guda goma in arba'in-arba'in za a zauna, wato azuzuwa 60 daga aji ɗaya zuwa shida, da malamansu. Sai ya duba nawa yake da su, nawa ne suka lalace, malamai nawa za su yi ritaya, yara nawa ke maimaita aji, ina ake yanka sababbin filaye mutane na tarewa, domin a keɓe wa makaranta wuri tun kafin gidaje su cinye. Sai ya tura wa jiha, a sa a kasafin kuɗi, a gaya wa kwalejin ilimi yawan malaman da za ta yaye. Duk wannan yana rataye ne a kan lamba ta farko, wato 400 ɗin nan. Abin takaici, a zamanin En'e duk shekara sai an ƙirga magidanta saboda haraji, an ƙirga shanu saboda jangali, har zuwa lokacin da gwamnonin Kano da Kaduna suka soke su a 1979, sauran jihohi suka bi. Hukumar da ta iya bin Bafillace daji ta ƙirga garkensa ba za a ce ƙirga jarirai ya gagare ta ba, alhali ba a suna sai liman da mai unguwa sun sani. An yi dokar tilasta rajistar haihuwa a 1992, amma har yanzu muna karɓar yaran da takardar haihuwarsu a makon shiga makaranta aka yanko ta.

A ranar 30 ga Satumba, 1999, Obasanjo ya sake ƙaddamar da wani shirin, UBE, kuma a Sakkwato, garin da Gowon ya yi tasa sanarwar shekara 25 da suka gabata. Wannan karon an ɗan koyi darasin kuɗi, domin dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin tushe, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Sai ga shi hukumar da ke riƙe da kuɗin ta sha fitowa tana kukan biliyoyin naira na kwance jihohi ba su zo sun ɗauka ba, saboda ba su ajiye nasu kason ba. Manufar ilimi a bugunta na 2004 ta ce malami guda ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Da Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairu na 2016, yara suka yi ta tuɗaɗa makarantun da dama can a cike suke. Da Jihar Kano ta yi shelar ilimi kyauta kuma tilas a 2019, haka aka sake gani, har gwamnatin da ta biyo baya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Wuri guda da za mu yi wa masu tsari uzuri shi ne irin Maiduguri, inda rikici ya koro dubban ɗaruruwan mutane cikin gari, aka rufe makarantu a 2014, wasu suka zama sansanin 'yan gudun hijira. Wannan kam ba ya cikin lissafin kowa.

Ƙidaya ta 1991 ta ba da mutum miliyan 88 da 'yan kai, ta 2006 ta ba da miliyan 140. Wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Jami'in da ke zaune a sashen tsare-tsare na ma'aikatar ilimi, in aka tambaye shi yara nawa ne za su shiga aji ɗaya, alƙaluman 2006 zai ɗauko ya yi ta ƙara musu kaso na hasashe shekara bayan shekara, kamar yadda magabatansa suka yi da na 1963. Su a lokacinsu tazarar shekara 13 ce tsakanin ƙidayar da ranar buɗe rajista. Tasa tazarar ta riga ta wuce haka.